Ƙera Jirgin Yaƙi na Rimot na Farko: Gangar Jiki, Famfo, Sannan Bindiga

Wasan yaƙin ƙananan jiragen ruwa na rimot ya samo asali a jihar Teksas ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970, daga baya ya kai wasu ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya. Ana kwaikwayon jiragen yaƙi na gaske a ƙaramar siffa, a rufe gefensu da siririn katakon balsa, a ɗora musu bindigogi masu harba ƙwallayen ƙarfe da iskar CO2, sannan a sake su a tafki su yi ta huda juna har wani ya nutse. Mai jirgin ya shiga ruwa ya tsamo abinsa, ya zubar da ruwan, ya liƙe ramukan, ya koma fage a ranar.

Saboda haka ka sa a ranka tun yanzu cewa ruwa zai shiga jirginka, kuma wata rana zai kwanta a ƙasan tafki. Duk abin da za ka saka a ciki, ka tambayi kanka ko zai tashi ya yi aiki bayan ya jiƙe. Sabon shiga yakan ƙare hankalinsa a kan bindiga. Mu kuwa muna ajiye ta a ƙarshe, domin jirgi mai bindiga uku da famfon fitar da ruwa da ba ya ja, minti kaɗan zai yi a kan ruwa.

Ƙa'ida kafin zarto

Kada ka yanka ko da katako ɗaya sai ka san ƙungiyar da za ka yi wasa da ita, ka karanta ƙa'idojinta na wannan shekarar, don ana yi musu gyara lokaci zuwa lokaci. Manyan tsare-tsare biyu ne, kuma duka suna amfani da ma'aunin 1:144, wato kowace ƙafa 12 ta jirgin gaske ta zama inci ɗaya. A tsarin Fast Gun, wanda IRCWCC, ƙungiyar masu wannan wasa ta ƙasa da ƙasa, ke bi, kowace bindiga ƙwallon BB mai faɗin milimita 4.5 take harbawa, balsar kuma kaurinta inci 1/32 ne, kusan milimita 0.8, jiragen kuwa na tsakanin 1905 da 1946 ne. A tsarin Big Gun girman ƙwallon yana bin girman bindigar jirgin asali har zuwa inci 1/4, kaurin balsa yana bin sulkensa, hasumiyar bindiga tana juyawa, jiragen kuma sun fi tafiya a hankali. Jirgin wannan tsari ba ya shiga wancan. Alƙaluman da ke ƙasa na Fast Gun ne.

Wane jirgi?

Kusan kowa da manyan jiragen yaƙi irin Yamato na Japan ko Bismarck na Jamus ko Iowa na Amurka yake shigowa a baki. Wannan ci da zuci ne. Yamato mita 263 ne. Raba da 144, ka sami jirgi mai tsawon mita 1.83. Nauyi kuma akwai lissafi mai sauƙi: raba tan na jirgin gaske da 3,000, abin da ya fito shi ne kusan kilogiram na ƙaramin. Yamato cike da kaya ya haura tan 70,000, ke nan kilo 24 za ka riƙa ciccibowa daga laka, ban da ruwan da ke cikinsa, ga bindigogi da yawa da kowacce ke son kulawa, ga faffaɗan gefe da kowa zai so ya huda.

Ƙananan jirage irin distiroya su ma tarko ne. Mai tan 2,500 bai kai kilo ɗaya ba a lissafin nan. Ko da ƙa'ida ta yi musu rangwamen ƙarin nauyi, cusa batir da inji da gas da famfo a wannan matsatsi aikin ƙwararru ne.

Tsaka-tsaki za ka nema: babban kuruza (matsakaicin jirgin yaƙi mai sauri), ko ƙaramin batilkuruza (wanda ya fi kuruza girma da manyan bindigogi) na Yaƙin Duniya na Ɗaya kamar Invincible na Ingila ko Von der Tann na Jamus. Za mu ɗauki Von der Tann misali. Tsawonsa mita 171.7, faɗinsa 26.6, nauyinsa cike da kaya tan 21,300. A ma'auninmu ya zama santimita 119 da santimita 18.5, kilo bakwai da ɗan ɗoriya. Hannu yana shiga cikinsa a sake, kuma mutum ɗaya na ɗaukarsa. Ƙa'ida tana ba kowane jirgi adadin kaso gwargwadon girmansa: bindiga mai ƙwallo 50 kaso ɗaya ce, famfo ma kaso ɗaya. Jirgi mai kaso huɗu, bindiga uku da famfo ɗaya ke nan.

Gangar jiki

Ko dai ka sami gangar faibagilas da aka riga aka zuba, ko ka haɗa ta katako daga zanen jirgin. Ta faibagilas ta fi sauri. Ta katako tana koya maka jirgin ciki da waje: haƙarƙari na filawud mai kaurin inci 1/4, ƙashin baya a ƙasa, da zobe a sama wanda rufin zai zauna a kai.

Kowacce ka ɗauka, doka ɗaya ce. Kashi 85 cikin 100 na tsawon gefen jirgi dole ƙwallo ya iya huda shi. Kashi 15 kaɗai ke zama da tauri. Ga yadda ake lissafin. Kashi 15 na santimita 119 shi ne 17.9. An yarda goshin jirgi ya yi tauri har inci biyu, bayansa inci ɗaya, jimilla santimita 7.6. Saura 10.3 na haƙarƙari. Idan kowane kaurinsa milimita 6.35 ne, haƙarƙari 16 za ka samu. Na 17 zai sa a hana jirgin shiga ruwa. Tagogin da ke tsakaninsu za su sauka inci ɗaya ƙasa da layin ruwa, bakin da ke sama kuma kada ya wuce inci 3/8.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a yanka tagogi kafin a san ainihin layin ruwa. Sa gangar a cikin ruwa tun ba a huda ta ba, loda mata nauyi har ta kai kilon da ka lissafa, daidaita ta gaba da baya, sannan ka zagaye layin da fensir. Daga wannan layi ake aunawa ƙasa. Manna tef a inda kowane haƙarƙari zai zauna, huda kusurwoyin taga da ƙaramin dirili don kada su tsage, sannan ka yanka. Ƙurar faibagilas tana cutar da huhu da ido. Sa takunkumi da tabarau, kuma ka yi aikin a waje. Kafa zoben sama kafin yankan, in ba haka ba gangar za ta buɗe ko ta murɗe.

Duk katakon da ke ciki a shafe shi da ifoksi (gam mai sandarewa da ke hana ruwa shiga) mai ruwa-ruwa ko banish na jirgin ruwa, shafi biyu zuwa uku, har cikin ramukan sukuru. Filawud da aka manta gefensa ɗaya zai kumbura ya ɓare tun kakar wasa ba ta ƙare ba.

Tuƙi

Injin lantarki biyu masu lamba 550 sun ishi jirgi irin wannan, da farfela mai faɗin santimita uku zuwa huɗu. Von der Tann na da sandar farfela huɗu. Ana tuƙa biyun ciki, na wajen a bar su babu inji. Sandar mai kaurin inci 1/8 tana bi ta cikin bututun tagulla da aka cika da giris. Kwantar da bututun gwargwadon iko, don idan ya karkata sosai zai riƙa ɗaga bayan jirgin maimakon tura shi. Kafin ifoksin ya kama, juya sandar da yatsa tare da injin a haɗe. In ka ji tana cijewa a wani wuri, ba su daidaita ba, kuma wannan zai ci batir ya zafafa injin. Farfelun biyu su juya a saɓa wa juna, in ba haka ba jirgin zai riƙa jan gefe guda.

Faifan sitiyari ya zauna daf da bayan farfela, a cikin ruwan da take turowa. Matsar da shi santimita biyu baya, ka ga jirgin ya koma zagaye mai faɗi, wanda a fagen yaƙi miƙa gefe ne ga abokin gaba. Ana auna gudu da daƙiƙun da jirgi ke ɗauka ya ci ƙafa 100, kusan mita 30, kuma kowane rukuni da iyakarsa, mafi yawa tsakanin daƙiƙa 22 da 28. In naka ya zarce, rage shi daga rimot ko ka sa ƙaramar farfela.

Famfo da hanyar ruwa

A nan ne jirgi ke rayuwa ko ya mutu. Rami ɗaya mai faɗin milimita 4.5 da ke santimita biyu da rabi ƙarƙashin ruwa yana shigo da abin da ya kai kashi huɗu cikin goma na lita a minti. Ramuka goma, lita huɗu a minti, a jirgin da duka nauyinsa kilo bakwai ne. Idan yana gudu, ramukan goshi ma da ke sama da layi suna kwankwaɗar ruwa. Don haka famfon da bai fitar da lita huɗu a minti ba bai isa ba; nemi wanda ya zarce haka sosai. Gwada shi da bokiti da agogo, a kan batirin da zai yi aiki da shi, kuma ta bakin fitar da ƙa'ida ta tsayar, wato inci 1/8 ga famfo mai kaso ɗaya.

Famfo mai ƙarfi ba ya amfani idan ruwan bai iso gare shi ba. A tsakiyar gindin jirgi, bar kwata mai faɗin kusan santimita biyar daga goshi zuwa baya, ka cike gefunanta biyu da soso marar shan ruwa ko balsa da aka shafe da ifoksi, da ɗan gangare zuwa tsakiya. Ruwan da ya shigo zai taru wuri ɗaya. In babu kwatar, ruwan zai kwanta a gefe, jirgin ya karkata, ramukan da ke sama su nutse su fara sha, sai ka ga ya kife alhali ruwan da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Cika goshi da can baya ma da soson, iya ƙasan tagogi, don kada ruwa ya maƙale a can. Amma ban da cusa soso har jirgin ya gagari nutsewa. Ƙa'ida ta hana.

Famfon ya zauna a wuri mafi zurfi, daga tsakiya zuwa baya, gaban injuna, saboda da zarar jirgi ya zabura gaba ruwa baya yake gudu. Abu uku ke kashe shi. Na farko ɓarɓashin balsa da ƙwallayen da suka faɗo ciki: kewaye bakinsa da ragar waya mai faɗi, ba 'yar ƙarama da tsinke biyu za su toshe ba. Na biyu iska da ke maƙalewa a cikinsa, ka ji yana kuka amma ba ya fitar da komai: ƙaramin rami kamar na allura a saman gidan famfon yana sakin iskar. Na uku tiyon fita da ya lanƙwashe; gajarta shi, ya miƙe, ya fita ta rufin jirgi inda za ka hango feshin daga bakin tafki. Wannan feshi shi ne ma'auninka: in yana tofi yana tsayawa, da sauran lafiya, in ya miƙe ba yankewa, ja da baya.

Sai sulken ciki. Ƙwallon da ya huda balsa yana da sauran ƙarfin fasa tiyo ko batir. Rataye shimfiɗar roba mai tauri a bayan haƙarƙari, tun daga goshi har baya, kana barin rata tsakaninta da balsar, ƙasanta kuma a buɗe don ruwa ya gangara kwata.

Lantarki

Rimot mai tasha shida a kan zangon 2.4 gigahaz ya wadatar: gudu, sitiyari, famfo, da bindigogi. Siginar wannan zango ba ta ratsa ruwa, don haka eriyar ta zauna can sama. Saita risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar a cikin jirgi, yadda in sigina ta yanke, injuna su tsaya, bindigogi su yi shiru.

Risiba da na'urar sarrafa gudu, ko dai a sa su a akwati marar shigar ruwa, ko a cire allonsu a lulluɓe shi da ifoksi. Mun fi son na biyu, domin akwatin da ya yi yoyo sau ɗaya riƙe ruwan yake yi a kan kayan. Sarbon sitiyari, wato ɗan injin da ke juya faifan, ya zama wanda aka ƙera don ruwa. Wayar injuna da ta famfo ta zama mai kauri, lamba 14 ko 12, a yi wa mahaɗai sodarin, kuma famfo ya sami fiyus nasa daban: ciyawa na iya naɗe farfela ta ƙona fiyus ɗin tuƙi, ba ka son famfo ya mutu tare da shi. Batir shi ne abu mafi nauyi, sai ya kwanta ƙasa a tsakiya, a ɗaure. Batirin da ya zame ya ishi kifar da jirgi. In na litiyam ne, ƙara masa kariya, don hudawa na iya tayar da wuta. Ginin saman jirgi kuwa, da bututun hayaƙi da hasumiyoyi, a yi su da soso ko siririyar roba. Duk giram ɗin da ke sama yana ƙara wa jirgi tangaɗi.

Fatar balsa

Zaɓi balsa mai laushi, marar nauyi. Yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace ta rufe taga uku ko huɗu, mahaɗin ya faɗo a kan haƙarƙari. Zaren katakon ya bi tsawon jirgi don ya lanƙwasa zuwa gindi. A wurin lanƙwasa mai tsanani, jiƙa bayansa da ruwa. Kafin mannawa, liƙa wa fuskar ciki takardar silkisfan (siririyar takarda mai ƙwari) da man dof, wato banish mai saurin bushewa na masu ƙera ƙananan jiragen sama. Manna da gam mai kama fuska biyu ko sufa gulu, goge bakin da sanfefa, sannan ka sake shimfiɗa silkisfan a waje, ka yi fenti marar kauri.

Kada ka yi wa fatar dabarar ƙarin tauri. Akwai gwajin da ake sako sandar tagulla daga wani tsayi, in ba ta huda ba an fitar da jirgin. Ban da haka ma cutar kanka ce: fata mai laushi ƙwallo na ratsa ta ya bar ɗan rami da bakinsa ke komawa, mai tauri kuwa ɓallewa take yi ta bar ƙofa.

Gas da bindiga

A cikin kwalbar CO2 matsin ya kai wajen psi 850 (psi ma'aunin matsi ne) a yanayi madaidaici, yana kuma hauhawa da zafi. Ragileta ke sauko da shi zuwa psi 150, iyakar da ƙa'ida ta yarda. Kwalba, ragileta da bawul, sayi waɗanda aka ƙera don wannan matsi. Ba a ƙirƙirarsu a gida. Ana cika kwalba da awo a kan sikeli, ba a wuce nauyin da aka rubuta a jikinta, ba a kuma barinta a rana. Mai ɗaukar giram 100 ta ishi bindiga uku. Ɗaga bakinta sama kaɗan, don idan ruwan gas ya shiga ragileta zai daskarar da ita, matsi ya yi tsalle, tiyo ya fashe.

Bindigar farko, sayi haɗaɗɗiya, amma ka fahimci cikinta. Ƙwallaye na jere a bututun jan ƙarfe mai gangarowa zuwa mahaɗi mai baki uku. A ƙasan mahaɗin akwai ɗan fistin. Idan bawul ya buɗe, gas ya ɗaga fistin ya tare ƙwallo na biyu, na farkon kuma ya hau har ya tokare da zoben roba a gindin bakin bindiga. Matsi ya taru a bayansa har ya ɓurma ta zoben ya fita da ƙarfi. Notin da ke matse zoben shi ke saita ƙarfin harbi: ƙara matsewa kaɗan-kaɗan har ƙwallo ya ƙi fita, sannan ka sassauta kaɗan. A sake wannan saiti kowace ranar wasa, domin roba na canzawa da zafi da sanyi.

Idan tana amayar da ƙwallaye da yawa a harbi ɗaya, fistin ya yi gajere ko ya maƙale a ƙasa. Idan iska kawai ke fita, fistin bai sauka ba, ko ƙwallaye sun yi tsatsa sun cije. Harbi marar ƙarfi kuwa, noti ne ya saki, ko yoyo, ko tiyon ya yi siriri. Ruwan sabulu a kan mahaɗai zai nuna yoyon. Dole kowace bindiga ta fito daga hasumiyar da jirgin asali ke da ita. Fara da ta baya, wadda ke ba ka damar harbi kana gudu. Na gefe ana sunkuyar da su don su sami ƙasan layin ruwa. A lissafin da aka daɗe ana bi, rami a sama maki 10 ne, a kan layi 25, a ƙasa 50.

Ƙwallon da ke huda balsa yana fasa ido, kuma yakan yi tsalle daga kan ruwa ya dawo gaɓa. Duk wanda ke wurin, har 'yan kallo, sai da tabarau na kariya mai rufe gefe, ko a lokacin gwaji a gida. Muddin jirgi ba ya kan ruwa, fil na tsaro yana soke a bakin kowace bindiga.

Kafin ranar farko

Ɗaura wa jirgin abin da zai taso ya nuna inda ya nutse: wani ɓangaren ginin sama mai yawo a ruwa, da zaren da ya fi zurfin tafkin tsawo. Sannan ka nutsar da shi da gangan a ruwa marar zurfi, komai a kunne, ka bar shi minti biyar. Tsamo shi, zubar da ruwan, gwada sitiyari, injuna, famfo, bindigogi. Abin da ya ƙi tashi, gyara shi ka sake nutsarwa.

Yi tuƙi na kwanaki ba tare da gas ba, har ka iya juya jirgin yana fuskantarka ba ka rikita hagu da dama ba. Karo da gangan laifi ne, ana cire maki. A fage, tsaya kusa da wani tsohon hannu na ɓangarenka. Idan ƙwallayenka sun ƙare ka sanar, daga nan sai ka tsira minti biyar a kan ruwa ba harbi kafin a ba ka izinin ɗauke jirgi.

Tsakanin zagaye, liƙe ramuka da ƙananan gutsuren silkisfan da dof. Minti kaɗan suke bushewa. Da yamma cire batir, saki gas, juye sauran ƙwallaye daga bindigogi, ɗauraye cikin jirgin da ruwa mai tsabta, ɗiga mai a bakin injuna da na famfo, ka bar rufin a buɗe har ya bushe ƙarau.